Gadon da kowace manhaja ke ci tun 1979

Matashin da ke zaune a Daura yana haɗa wa wata makaranta shafin biyan kuɗin ɗalibai da wuya ya tuna cewa tsarin da yake dogaro da shi ya girme shi nesa ba kusa ba. Paystack ta ba shi mabuɗin sirri, ya adana shi a fayil ɗin .env, manhajarsa ta Node.js kuma tana karanta shi ta process.env. A ganinsa ya kulle kuɗin iyayen yara a adaka. Sai dai waɗanda suka ƙera adakar ba su yi tunanin za a zuba dukiya a cikinta ba.

A 1979 ne cibiyar binciken Bell Labs da ke Amurka ta fitar da bugu na bakwai na Unix, tare da shel ɗin Stephen Bourne, wato manhajar da ke karɓar umarnin da aka rubuta ta aiwatar da shi. Da su aka shigo da bayanan muhalli: suna da abin da ya ƙunsa, kamar HOME mai nuna ma'ajiyar mutum, da PATH mai nuna inda za a nemo umarni. Ƙa'idarsu ita ce gado. Duk manhajar da ta tayar da wata, sabuwar za ta tashi da kwafin bayanan uwarta kaf, ba tare da ta roƙa ba. Tsakanin masu binciken da suka san juna wannan sauƙi ne kawai, domin babu abin ɓoyewa a cikin PATH.

Ryan Dahl ya gabatar da Node.js a 2009, JavaScript ta fito daga burauza ta koma kan saba, ta kuma ɗauki ƙa'idar gadon yadda ta same ta. A 2011 Adam Wiggins na kamfanin Heroku ya wallafa ƙa'idojinsa goma sha biyu na gina manhaja, inda ya ba da shawarar a cire kalmomin sirri daga cikin rubutun manhaja a mayar da su muhalli. Shawarar tana da hujja, tunda rubutun yakan yi yawo hannu-hannu. Amma ta mayar da zauren da kowa ke ratsawa ɗakin ajiya.

Bash ce ta fara tona asirin. A Satumbar 2014 Stéphane Chazelas ya gano cewa wannan shel takan aiwatar da umarnin da aka liƙa a wutsiyar wani bayanin muhalli. Kuskuren, wanda aka raɗa wa suna Shellshock, yana kwance tun 1989, shekara 25 ba a lura ba. Sabobi da yawa kuwa suna zuba abin da baƙo ya aiko ta intanet cikin muhalli kafin su kira Bash.

Abin da ya fi kusa da matashin Daura ya faru ne a Agustan 2017. Akwai sananniyar manhaja a rumbun npm mai suna cross-env, wadda ke daidaita sanya bayanan muhalli tsakanin Windows da Linux. Wani ya ɗora crossenv, bambancin ɗan layi guda a tsakiya. Duk wanda yatsansa ya kuskure ya sauke ta, tun a lokacin girkawa take tattara muhallinsa ta aika wa mai ita. Ba ta fasa ƙofar kowa ba, gadonta ta ci. Masu kula da rumbun sun cire manhajoji kusan 40 irinta daga hannun mutum ɗaya.

Node.js ta tanadi hanyoyin rage wannan haɗari, ko da yake ba su ne ake fara koya wa ɗalibi ba. Umarnin exec yana miƙa jimla sukutum ga shel, don haka idan sunan da baƙo ya rubuta ya shiga jimlar, shel na iya ɗaukarsa a matsayin umarni. Shi kuwa execFile yana kiran manhajar kai tsaye, ba ya bi ta shel sai an nema. Dukansu suna karɓar zaɓin env, inda mai rubutu ke iya iyakance abin da 'yar za ta gada zuwa PATH kaɗai.

A Satumbar 2023 bugu na 20.6 ya ba Node.js ikon karanta fayil ɗin .env da kanta, ba sai da dotenv ba. Ƙa'idar 1979 kuwa ba a taɓa ta ba: idan matashin bai rubuta env da hannunsa ba, ƙaramin umarnin da ya kira domin rage girman hoton ɗalibi zai tashi riƙe da mabuɗin Paystack na makarantar.