Shaidu Biyu a Kan Wata

Baffana, ƙanin mahaifina, ya bar duniya bai yarda ɗan Adam ya taka wata ba. Ba jahili ba ne. Ya sauke Alƙur'ani, ya karanci Iziyya da Risala a zaure, ga kaifin ido da Allah ya ba shi, wanda ya sa duk daren 29 ga Sha'aban shi ake turawa tudun da ke yamma da unguwarmu, a nan ƙasar Madobi, ya duba ko wata ya tsaya. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ta malaman Malikiyya: ba a karɓar maganar wata sai da shaidar adalai biyu, ko jama'a mai yawa da ba za su iya haɗa baki a kan ƙarya ba. In an gan shi a gaya wa mai unguwa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, har magana ta shiga fadar Kano ta wuce Sakkwato. Da wannan mudun ya auna Amurkawa, ya ce awonsu bai cika ba.

Ina ɗan shekara 12 a daminar 1969. Yaƙin basasa na ci, don haka duk maraice dattawa kan taru a ƙofar wani tela, shi kaɗai ke da rediyo a unguwar, su ji inda aka kwana a fagen daga. Ranar Litinin 21 ga Yuli sai ga labarin da ba na yaƙi ba. An ce daren jiya, ƙarfe 9 da 'yan mintoci agogonmu, kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata, kuma kafin asuba Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun fito sun yi tafiya da ƙafa, na ukunsu Michael Collins yana ta kewaya a sama yana jiransu. Bayan magariba Baffa ya fito ya ɗaga kai. Watan Jimada Awwal ne, bai cika mako da tsayuwa ba, ya karkata yamma kamar ɓarin kankana.

Ya ce, "To, ga shi nan. Ina suke?"

Na ce, "Baffa, ai da nisa. Malaminmu ya ce tafiyar kwana uku ce ko a kumbo."

Ya ce, "Ɗan nan, su suka tafi, su suka ɗauki hoto, su suka ba da labari. A gaban wane alƙali mai ƙara yake zama shaidar kansa?"

Ban sami amsa ba. Ba a daɗe ba kuma sai ga wani ciwon ido mai saurin yaɗuwa, wanda ya ɓulla a Gana a wannan shekarar ya bazu Afirka ta Yamma. Idanu su yi ja, su kumbura, su riƙa kwantsa. Mutane suka raɗa masa suna afolo, wasu har suna cewa ƙurar wata ce aka tayar take zubo mana. Likitoci sun gano ƙwayar cuta ce, ba ruwanta da kumbo, amma suna ya riga ya bi shi. Har yau jikokina na cewa afolo ba su san daga ina sunan ya fito ba. Mamman Shata ma ya yi wa kumbon waƙa. Ta haka wata ya shigo bakinmu da sababbin kalmomi, kumbo da 'yan sama jannati, alhali dā abin da muka san shi da shi farin wata ne na gaɗa da tatsuniya, da Zara matarsa, da gwangwanayen da mukan kaɗa muna zaga gari in an ce rana ta kama shi.

Abin da ni da Baffa ba mu sani ba a daren nan shi ne, birnin da ke arewa da mu, wanda mai keke kan je ya dawo a wuni guda, yana da hannu a wannan tafiya tun tana jaririya. Sai da na zama malamin firamare, na shiga karance-karance, na tarar da sunan Kano a cikin tarihin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka.

Lokacin da suka fara shirin Mercury na tura mutum ya kewaya duniya, matsalarsu ita ce yadda za su riƙa jin muryarsa. Kumbo na gudun kusan kilomita 28,000 a awa, yana zaga duniya cikin awa ɗaya da rabi. Tashar rediyo ta ƙasa ba ta jin sa sai na 'yan mintocin da yake saitin samanta, da ya faɗa bayan doron ƙasa shi ke nan. Sai suka jera tashoshi 18 a kan hanyarsa, wasu a tudu wasu a jiragen ruwa, kowace ta karɓe shi ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda fatake kan bi zango-zango. In ya tashi daga Fulorida ya ratsa Bamuda da tsibiran Kanari, zangon da ke biye shi ne Kano, daga nan sai Zanzibar.

Ranar Talata 20 ga Fabrairun 1962 John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, watanni goma bayan Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyat. Da na lissafa sai na ga ranar ta faɗo tsakiyar azumin Ramadan, kuma ya gifta samanmu wajen la'asar. Daga can ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango guguwar ƙura a ƙasa, su kuma suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Duk wanda ya yi hunturu a ƙasar nan ya san wannan ƙurar. Ita ce ke fasa mana leɓe da dunduniya, ita ce ke sa rana ta zama kamar faifai. Wato a daidai lokacin da iyayenmu mata ke dakan gumba da dama kunun buɗa-baki, akwai wani mutum a sama da hazon yana ba da labarinsa. Ya yi zagaye uku cikin awa 4 da minti 55 ya faɗo teku lafiya.

Shekara guda da rabi bayan haka, ranar 23 ga Agustan 1963, Shugaba Kennedy ya yi waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan Adam mai suna Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a gaɓar Legas. Ita kuwa tashar Kano ta ci gaba da aiki a zamanin kumbunan Gemini masu ɗaukar mutum biyu, aka rufe ta kafin a kai ga Apollo 11. Da Baffa ya san da ita tun tana aiki, na tabbata sai ya hau kekensa ya je ya titsiye ma'aikatan da tambaya.

Kafin ƙafa ta je wata, ido aka fara turawa. Wannan ban fahimce shi sosai ba sai da na ga yadda aka kawo mana ruwa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, ruwa ya biyo babbar kwata zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Amma tun kafin katafila ta taɓa ƙasa muna ganin masu awo da sandunansu masu zane da na'ura mai ƙafa uku, suna bin gonaki suna rubuta inda ya yi tudu da inda ya yi kwari. Tsofaffi na yi musu dariya, ana cewa ga masu auna iska. Ashe ruwa ba ya hawa tudu, in ba a san gangaren ƙasa ba kwata ba ta gudu. Haka aka yi wa wata.

Sobiyat ce ta fara. A Oktoban 1959 kumbonta Luna 3 ya zagaya ya ɗauko hoton bayan wata, ɓangaren da tun zamanin Annabi Adamu ba wanda ya taɓa gani, domin kullum fuska ɗaya yake juyo mana. Hotunan dishi-dishi suke, amma sun nuna bayan bai yi kama da gaban ba, ramuka sun yi masa yawa, baƙaƙen filayen kuwa kaɗan ne. A Yulin 1964 Amurka ta harba Ranger 7, wanda ya nufi wata kai tsaye yana aiko hotuna sama da 4,000 har ya faɗa ya tarwatse. Sai babban aikin awo: kumbuna biyar masu suna Lunar Orbiter, tsakanin 1966 da 1967, da suka riƙa kewaya wata suna ɗaukar hoto har suka rufe kashi 99 cikin 100 na doronsa. Dabarar da aka yi musu tana ba ni mamaki. Fim ne a ciki, irin na masu hoton dā da ke lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. A cikin kumbon ake wanke shi ya bushe, sannan wani siririn haske ya bi shi layi-layi ya mai da shi saƙon rediyo, ya ratso kilomita 384,000, a nan ƙasa a jera layukan hoto ya fito.

Da waɗannan hotuna aka nemi fili mai laushi, mara duwatsu da ramuka. Cikin waɗanda suka yi zaman tantancewar har da wani masanin duwatsu ɗan Masar, Faruk El-Baz, wanda kuma ya koya wa 'yan sama jannatin yadda ake karanta ƙasa daga sama. Filin da aka zaɓa sunansa Tekun Natsuwa, ko da yake ko ɗigon ruwa babu, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare, shi ne baƙin da muke hange a fuskar wata. Duk da wannan awo, da Armstrong ya kusa sauka sai ya tarar na'ura na kai shi cikin duwatsu, ya karɓi tuƙi da hannu ya matsa gaba, mai ya kusa ƙarewa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga 1969 zuwa Disambar 1972 mutum 12 suka taka wata a sauka shida, suka kwaso dutse da ƙasa kilo 382.

Duk na kai wa Baffa waɗannan bayanai a shekarun da na fara koyarwa, ina jin kaina. Ya saurara yana jan carbi, ya ce, "Malam ƙarami, har yanzu bakin mutum ɗaya nake ji." Sai na jawo masa maganar kishiya. Na ce Sobiyat da Amurka ba sa ga maciji, kuma a ranar da Apollo 11 ke kan wata Sobiyat na da nata kumbon mara matuƙi, Luna 15, yana kewaya shi, har ya faɗi a can ranar 21 ga Yuli. Da ƙarya aka yi, wa zai riga kishiya tona asiri? Ya yi shiru, ya ce wannan magana ce, amma shirun kishiya ba shaida ba ne, zato ne. A nan muka tsaya har Allah ya karɓi abinsa.

A Yunin 2009 NASA ta sake tura wani kumbon awo, Lunar Reconnaissance Orbiter, ana taƙaita shi LRO. A shekarunsa na farko yana shawagi kimanin kilomita 50 daga doron wata, kyamararsa kuma na rarrabe abin da ya kai rabin mita, wato ko tabarma aka shimfiɗa za ta fito. Cikin wata guda ya aiko hotunan wuraren da Apollo suka sauka, ga gindin kumbon da aka bari da doguwar inuwarsa. A 2011 aka sauko da shi ƙasa-ƙasa, sai ga sawun mutanen ya fito, siraran baƙaƙen layuka daga kumbo zuwa bakin rami su dawo, tamkar turbar awaki a saura. A Apollo 17 har da sawun tayar motarsu, layi biyu a jere. A gonata ta shinkafa sawun da na yi da safe ban-ruwan yamma ke shafe shi. Can babu iska babu ruwan sama, sawun shekara 40 ya fito kamar na jiya.

Na san abin da Baffa zai ce: kyamarar wa? Ta mai ƙara ce. Shi ya sa hoton da ya fi tsaya mini a rai ba na Amurka ba ne. A 2021 kumbon Indiya, Chandrayaan-2, ya bi ta saman Tekun Natsuwa ya ɗauko gindin Apollo 11 a inda aka ce yana nan, ya kuma ɗauko na Apollo 12. Wata ƙasa daban, da kyamararta, da kuɗinta, da nata burin. Shaida na biyu ya iso, shekara 52 bayan tambayar da aka yi mini a ƙofar gidan tela.

Jikata ce ta sauke mini hotunan a waya. Sha'aban da ya wuce muka tafi tudun Baffa tare, ita da ƙannenta, don idona yanzu ba ya cin jinjirin wata. Daga can ana hango koren filayen rani, ana jin injinan ban-ruwa na tari. Ta ce, "Kaka, ai manhajar nan ta riga ta faɗi inda zai fito da mintin da zai faɗi. Me ya sa sai mun zo?"

Na ce, "Ke dai dubi inda ta ce, ki gaya mini abin da idonki ya gani."

Ta ƙura ido sama da jan gajimaren da rana ta bari, can ta ɗaga hannu ta yi ihu, ga shi, siriri kamar zare. Ƙaninta ya ce shi ma ya gani. Na tambaye su ina ƙahonsa ya fuskanta, kowa na ja shi gefe na tambaye shi shi kaɗai, yadda Baffa kan yi. Bakinsu ya zo ɗaya. Ni ban gan shi ba, kuma shaidar yara ba ta tsayar da wata. Muka gangaro muka biya ta gidan mai unguwa na faɗa masa abin da suka ce, sannan muka wuce gida na kunna rediyo, muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi.