Yadda Magabata Suke Bin Diddigin Mas'ala

A shekara ta 898 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1493, wani malami daga ƙasashen Tukururu mai suna Muhammadu al-Lamtuni, da hukuncin wasu al'adun mutanensa ya shige masa duhu, sai ya tattara tambayoyinsa a takarda ya aika wa Imamu Jalaluddini Suyuɗi a Alƙahira, alhali yana sane da cewa kafin takardar ta ƙetare Sahara, fatawa ta komo, sai watanni sun shuɗe. Bayansa da kusan ƙarni uku, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas saboda ɗalabin ilmi.

Ko wanda bai bar garinsu ba, muraja'a ba ta zo masa da sauƙi ba, domin littafi a wancan zamani da hannu ake kwafarsa, da alƙalamin gamba da tawada, a kan takardar da fatake ke kawowa daga Tarabulus, a bar warƙoƙinsa ba ɗinki, a naɗe cikin tadarishi, a adana a gafaka. Idan saɓani ya auku a zaure kan wata mas'alar gado ko iddar mamaci, sai a tashi almajiri ya tafi wata unguwa, ko wani gari, neman aron sharhin Muhtasar, mai littafin kuwa sau da yawa ba ya yarda ya rabu da shi, sai dai ɗan aiken ya durƙusa nan ya kwafe babin.

Da littattafai bugun Masar suka wadata a kasuwar Kurmi, wahalar ta ragu. Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya intanet ta shiga cikin wayar, sai ga dubban mujalladai a aljihun ɗalibi.

Jinkirin magabata yana da uzuri, domin hamada ce tsakaninsu da amsa. Wanda kuwa yau ya ce sai gobe zai duba, ba abin da ya tsare shi face kasala. Sai dai magabata ba su karɓar magana sai sun tambayi isnadinta. Wajibinmu ke nan mu duba nan take, sa'an nan mu tabbatar da wanda ya faɗa da littafin da ya faɗa a ciki, kafin mu isar wa wani.