Wurin Kakata da Tsibiran Maldibs

A ƙasan adudun kakata akwai wani ƙullin tsumma mai ɗauke da wuri goma sha ɗaya, duk sun yi santsi saboda shan hannu. Ina yaro na tambaye ta inda aka samo su, ta ce: "Ɗan nan, daga bakin duniya." Sai da na girma na gane ba ta yi nisa da gaskiya ba. Yawancin wurin da aka fara kashewa a ƙasar Hausa daga Maldibs ya fito.

Maldibs tsibirai ne kusan 1,190 a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya, waɗanda suka tsiro a kan duwatsun murjani. Kimanin 200 ne ke da mazauna, kuma babu tudun da ya kai mita uku. Mutanensu sun musulunta a 1153, suna magana da harshen Dibehi, babban birninsu Male.

Yadda suke "noman" kuɗi a da abin mamaki ne. Sukan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi, ƙananan dodon koɗi su manne, a janyo a binne a rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon, wato wuri. Da shi suke sayen shinkafa daga Bengal, don ba a nomanta a ƙasarsu. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Male wajen 1343, ya tarar ana ba da wuri 400,000 a dinari ɗaya. Da ya iso Mali bayan shekara goma, 1,150 kawai dinari ke saye. Nisa ne ya mai da tarkacen bakin teku dukiya.

Daga baya jiragen Holan da Ingila suka riƙa kwasarsa zuwa Turai, su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma su musanya da bayi. Wannan ɓangaren ne ke tsaya mini a rai idan na taɓa ƙullin kakata. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo. Fatake suka riƙa lissafi da keso, wato wuri 20,000. Da Jamusawa suka malalo wurin Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, daraja ta zube, kuma a 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi.

Yau Maldibs da baƙi take ci. Tun 1972 masu yawon buɗe ido ke sauka kusa da Male, su hau kwalekwale zuwa masaukai, musamman daga Disamba zuwa Afrilu lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa. Mu kuwa kalmar ce ta rage mana, domin "kuɗi" jam'in "wuri" ne. Kakata ta rasu ba ta taɓa ganin teku ba, ƙullin nata yana wajena.