Ɓauna mai dogon ƙaho

Ɗan'uwa makiyayi, in ka shiga kasuwar shanu ta Muwailih a yammacin Umdurman, ƙaho da tozo kake fara dubawa kafin ka ce wannan irin kaza ne. To, masana ma sun bi ƙaho, ya kuwa daɗe yana ruɗinsu.

A 1851 wani Bafaranshe, Duvernoy, ya duba ƙwaryar kan wata ƙatuwar dabba da aka tono a Aljeriya. Ƙahon irinta kan kai mita 3 daga tsini zuwa tsini. Sai ya haɗa ta dangi da ɓaunar Asiya, ya raɗa mata Bubalus antiquus.

A 1949 Dorothea Bate, Baturiyar da ta tantance ƙasusuwan da Arkell ya tono a Hartum, ta yi bayanin wani kan da aka samo a Singa, kudu da Mai Wurno. Ta ce zuriyar Afirka ce, ta sa mata Homoioceras singae. A 1978 aka mayar da ɓaunar Duvernoy gidan Pelorovis. Yau galibin masana sun sa ta a Syncerus, gida ɗaya da ɓaunar dajinmu.

Ta ƙare wajen shekara 4,000 da suka wuce, sa'ad da Sahara ta bushe. Zanenta na nan a duwatsun hamada.

In ruwa ya zaizaye maka irin wannan ƙashi a bakin kwari, kada ka cire shi. Ka shaida wurin, ka sanar da mai gari, don ƙasar da yake kwance ciki ita ke faɗin shekarunsa.