Ruwan Azurfa: Tarihin Butocin Christopher Dresser

A wannan fitowa ina so in ɗan taɓo tarihin kayan da aka yi wa ruwan azurfa, da yadda suka tashi daga kayan kasuwa suka zama abin adanawa a gidajen tarihi.

A da, a Ingila, butar shayi ta azurfa sai gidan attajirai. A shekarar 1840 kamfanin Elkington na birnin Birmingham ya sami haƙƙin mallakar wata dabara ta amfani da lantarki, wadda ke liƙa siririyar azurfa a jikin ƙarfe mai araha. Daga nan sai mai matsakaicin hali ma ya iya sayen buta mai ƙyalli. Amma masu ido da zane sun raina kayan, don an cika su da ado barkatai.

Wanda ya sauya wannan shi ne Christopher Dresser, haifaffen Glasgow a 1834, wanda ya karanci zane da ilmin tsirrai. Ya ziyarci Japan a 1876 zuwa 1877, ya ga yadda maƙeransu ke ƙawata abu ba tare da tarkace ba. Da ya dawo, a wajen 1879, ya zana wa kamfanin James Dixon & Sons na Sheffield butoci masu kusurwa huɗu da masu siffar ƙwallo, sumul ba ado, har ana buga sunansa a jikinsu.

Bayan rasuwarsa a 1904 aka kusa mantawa da shi, sai a 1937 masani Nikolaus Pevsner ya yi rubutu a kansa. Baje kolin da aka yi a Landan a 1972 ya farkar da masu tara kayan tarihi, sannan a 2004 gidan tarihi na Victoria and Albert ya nuna ayyukansa don cikarsa shekara 100 da rasuwa. Azurfar da ke jikin butocin kaɗan ce. Zanen da sunan mai zanen su ne suka jawo musu daraja.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu da ta duba tsofaffin kofunan gasa na makaranta. In an ga haruffan EPNS a gindin kofi, to ruwan azurfa ne. Kada a cuɗe shi da toka ko yashi, domin azurfar za ta goge, har da sunayen da aka zana a kai. Tsumma mai laushi ya isa.