Daga Ruwan Bagaja Zuwa Waya: Yaranmu Ba Su Daina Karatu Ba

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a kai ƙarshe.

Duk sanda sakamakon jarrabawa ya fito, magana ɗaya ce ke yawo a nan Facebook: wai yaran yanzu ba sa karatu, waya ta cinye su. Wasu kuma su ce suna yi, amma na banza, littattafan soyayya na onlayin da na zane, wato komik. Kafin mu yanke hukunci, mu ɗan waiwaya, don wannan kukan ya girmi yawancinmu.

A 1933, Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta lura an koya wa mutane boko amma ba su da abin karantawa don nishaɗi. Sai ta sa gasa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ku lura fa, Imam bai wuce shekara 22 ba a lokacin, kuma littafin nasa cike yake da zolaya da ƙulle-ƙulle tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Yau shi ne ake nazari a jami'a, amma asalinsa matashi ne ya rubuta don a yi dariya.

Sai Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937 don 'yan makaranta, har da zane-zane a ciki. Ku tuna yadda aka gina shi. Musa ɗan sarki yana son ya fice daga gida, Waziri kuma ya ɗana masa tarko a waje. Me ya tsare shi? Ba bulala ba ce, ba kwaɗo ba ne. Aku ne ya riƙa jan sa da labari har gari ya waye. Tun a wancan lokacin Imam ya gaya mana yadda ake riƙe matashi.

Bayan haka aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai NORLA a shekarun 1950, sai NNPC a 1966 (na ɗab'i fa, ba na man fetur ba). Yara suka samu Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A 1969, shekarar da 'yan Amurka suka taka wata, Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi a sararin samaniya, da Hausa tsantsa.

Mu da muka yi sakandare a Birnin Kebbi da Argungu cikin shekarun 1990, abu uku muka taras. Akwai jerin Pacesetters na Macmillan da ya faro a 1977, ciki har da The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano. Akwai Ikebe Super ta Wale Adenuga daga Legas, inda muka san Papa Ajasco. Sannan ga littattafan Kano da suke isowa kasuwanninmu har da ta Jega: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa. Littafi ɗaya sai ya zagaye aji har bangon ya rabe. Wanda bai da kuɗin saye ya ɗauko haya. Ana cusa shi cikin littafin lissafi, don kada babba ya leƙo ya ce, "Kai, mi kaka karantawa nan?" Mata da yawa, musamman na cikin gida, a nan bokonsu ya zauna.

Su ma ba su tsira ba. An ce suna lalata tarbiyya, an yi ta muhawara a jaridu, har a 2007 aka ƙona littattafai a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Wuta ba ta kashe sha'awar ba. Tsadar takarda da zuwan waya ne suka kwashe kasuwar suka kai ta WhatsApp da Wattpad. To ga inda gizo ke saƙar: a da uwa tana ganin bangon littafin a kan katifa, yanzu ba ta ganin komai.

Ba na musun cewa akwai batsa da shirme a wasu littattafan onlayin. Akwai, kuma haƙƙinmu ne mu sa ido. Amma tarihin nan ya nuna hani kaɗai bai taɓa yin magani ba. Abin da ya yi aiki shi ne gasa da ɗab'i. Gasar 1933 ta ba mu Imam. Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta ba mu So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980. Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta fito da mata marubuta da ba a san su ba. Duk inda aka ajiye lada, alƙalami na tashi.

Yanzu mu dawo gida. Wani ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, Roye Okupe, ya ɗauki tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya gina komik mai suna Malika a kansa, ana saye a ƙasashen waje. Mu fa? Muna da Muhammadu Kanta, wanda a ƙarni na 16 ya ƙwace kai daga daular Songhai, ya gina Surame da ganuwarta, ya gwabza da Borno. Muna da yaƙin Alwasa na 1805, da Malam Abdullahin Gwandu mai takobi da alƙalami, da Yakubu Nabame, da Sarkin Kabi Sama'ila. Kayan yaƙi da tambura na nan jibge a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu. A cikinku wa ya taɓa saya wa ɗansa littafin zane a kan ko da ɗaya daga cikinsu? Yaro ya san jaruman katun na Japan da sunayen iyayensu, amma Kanta sunan makaranta kawai ya ɗauke shi.

Wani abin lura: a 1934 aka buga Ruwan Bagaja, a 1934 ɗin kuma Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin su wanda ya zama na Matan Fada. Sa'o'in juna ne. Bikin mun raya shi har UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2016. Me zai hana a haɗa masa gasar gajeren labari da ta zane ga 'yan sakandare, a buga waɗanda suka ci, a raba wa makarantu? Masu zane muna da su, a leƙa Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie ko wajen masu rubuta allon shago a gani. Kuɗin bai kai na rumfunan manyan baƙi ba.

Kafin gwamnati ta motsa, mu iyaye mu fara. Ka tambayi ɗiyarka me take karantawa, ta ba ka labarin da bakinta. Ka sayo Magana Jari Ce ka ajiye a falo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da dabara, ba da ƙarfi ba.

Ku faɗa mini a ƙasa: wane littafi ne ya fara hana ku barci? Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.