Yadda Ake Hana Ruwan Sama Kwanciya Bisa Rumfar Tamfol

Rumfar tamfol mai ƙafafun ƙarfe, wadda ake buɗewa a naɗe cikin ɗan lokaci, ta yawaita a garuruwanmu. Ana ganinta a wurin suna da ɗaurin aure, a kasuwannin mako, a wurin awon yara da rigakafi, har da azuzuwan yaƙi da jahilci. Da rani ba ta da wata matsala sai iska. Da damina kuwa babban abin da ke kashe ta shi ne ruwan da ke kwanciya bisa rufinta.

Nauyin ruwa

Mutane da yawa suna raina ruwan da ya taru bisa tamfol, domin ba su san nauyinsa ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan aka yi ruwan sama na milimita 1, kowane fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 yana samun lita 1. Rumfa mai mita 3 a kowane gefe, in aka yi ruwa na milimita 20, lita 180 ne za su sauka a kanta, wato jarka 9 masu cin lita 20. Irin wannan ruwa ba baƙo ba ne a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda kusan dukan ruwan shekara ke zuba tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa cikin Agusta. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ruwa ya tsaya a sama, ya kusa nauyin buhun siminti.

Ga yadda ɓarnar ke farawa. Inda tamfol ya yi sako-sako, ruwa kaɗan yakan tsaya. Nauyinsa sai ya ja tamfol ƙasa, wurin ya zama kamar ƙwarya. Ƙwaryar ta ƙara karɓar ruwa, ruwan ya ƙara zurfafa ta. Haka za a yi ta yi har ɗinki ya ɓarke ko ƙarfe ya lanƙwashe. Tamfol da ya taɓa miƙewa haka ba ya komawa daidai, kuma a nan ruwa zai sake tsayawa gobe. Saboda haka maganin yana wurin kafa rumfa, tun hadari bai haɗu ba.

A ja tamfol ya ɗame

A buɗe ƙarfen rumfa har ƙarshe, a tabbata kowace kusurwa ta shiga makullinta, sandar tsakiya kuma ta tashi sosai. Rumfar da ba a gama buɗewa ba, rufinta ba zai taɓa ɗamewa ba. Bayan haka a ɗaure kusurwa huɗu da dukan igiyoyin gefe, kada a bar ko ɗaya don gaggawa. A buga tamfol da tafin hannu: in ya yi ƙara kamar ganga, ya yi, in yana lilo, a sake ja.

Robar tsohon tubun babur ko na mota, in aka yanka ta tsiri-tsiri, ta fi igiya kyau wajen wannan aiki, domin tana ci gaba da ja ko tamfol ya saki. Idan hujin ɗauri ya yage, kada a huda sabo da wuƙa. A sa ɗan dutse mai santsi cikin bakin tamfol, a tattaro tamfol a kansa, a ɗaure igiya a wuyansa. Wannan ɗauri ya fi huji ƙarfi.

A ba ruwa hanya

Ruwa gangare yake bi. Ƙafafun irin wannan rumfa suna da matakai na ɗagawa da saukarwa. A sauke ƙafafu biyu na gefe ɗaya da mataki guda, ruwa zai bi ta can. A zaɓi gefen da ba mutane, ba kaya, ba kuma gindin bangon ƙasa, don ruwan da ke zuba wuri ɗaya yana cin ginin laka. Rumfar da aka kafa da itace kuwa, in faɗinta ya kai mita 3, gefe ɗaya ya ɗara ɗayan tsawo da kamu guda ko fiye. Rufi shimfiɗaɗɗe kamar tabarma ba na damina ba ne.

A rumfa mai naɗewa, ruwa ya fi tsayawa kusa da baki, daga cikin ƙarfen da ya kewaye rumfar. A nan ake sa tallafi. A samo tiyon roba mai ɗan ƙarfi ko ɗanyen reshe mai lanƙwasa, a lanƙwasa shi kamar baka, a ɗaure shi bisa ƙarfen yadda bayansa zai tura tamfol sama. Ana iya kuma ɗaura igiya daga ƙololuwa zuwa tsakiyar kowane gefe, ta ƙarƙashin tamfol. Duk sandar da za ta taɓa tamfol, a naɗe kanta da tsumma ko a kifa mata ƙoƙo, don kada ta huda shi.

Masu ba da hayar rumfa sukan jera biyu ko uku a manne. Tsakaninsu ne ruwa ke zuba kan baƙi. A ɗaura dogon yankin tamfol ƙarƙashin mahaɗar, kamar indararo, bakinsa ɗaya ya fi ɗayan sauka. In aka ajiye bokiti ko tanderun roba a ƙarshensa, an sami ruwan wanki.

Idan ruwa ya riga ya taru

A fitar da yara da tsofaffi daga ƙarƙashi. In an ja wayar lantarki ko an sa amsa-kuwwa, a kashe wuta tukuna. Sannan a ɗauki taɓarya ko sanda mai naɗaɗɗen kai, a tura tamfol a hankali daga wajen tsakiya zuwa baki, ruwan ya zube waje. Wasu sukan huda wurin don ruwa ya tsiyaye. Wannan asara ce, ƙaramin huji shi ke zama babbar yaga. Kuma kada a bar ruwa ya kwana kwanaki bisa rumfar da ke tsaye kullum, domin sauro na iya hayayyafa a ciki cikin mako ɗaya zuwa kwana 10.

Ɗamammen tamfol yana korar ruwa, amma ba ya tsare rumfa daga guguwa. A ƙasarmu hadari ya fi tasowa daga gabas, da iska mai ƙura a gabansa. A ɗaura buhun yashi a kowace ƙafa, a kuma kafa turaku da igiya ta gefen gabas. Idan gabas ta yi ja ko ta yi baƙi ƙirin, a cire tamfol, a sauke rumfa, mutane su shiga ɗaki. Rumfar ƙarfe ba mafaka ba ce lokacin tsawa. Bayan ruwa ya ɗauke, a shanya tamfol ya bushe sarai kafin a naɗe shi, in ba haka ba zai yi fumfuna, ɗinkinsa ya ruɓe.